Filin Aikin Hannu: Injin Jirgi Ya Ɗauke Wuta, Laifin Kwayil Ne?

A wannan wata filinmu zai gangara bakin ruwa, gama da yawa daga cikinku kuna zaune a gaɓar Kwara da ta Binuwai, tun daga Yawuri har Lakwaja, tun daga Numan har Ibi da Makurɗi, waɗansu kuma a bakin tafkin Kainji, ko tafkin Cadi, ko can Yeji a bakin tafkin Bolta na ƙasar Gana. A irin waɗannan wurare jirgi mai inji shi ne motar gida. Shi ke kai shinkafa da busasshen kifi kasuwa, shi ke ƙetarar da 'yan makaranta, shi ke kai mai naƙuda asibiti. Ran da injin ya ƙi tashi, ba mai jirgi kaɗai ke shiga damuwa ba, har da iyalinsa da maƙwabtansa.

Kukan da aka fi ji a bakin masu jirage shi ne wannan. Da safe inji ya tashi lafiya lau da ja ɗaya ko biyu. Aka yi tafiyar kamar minti 20, sai ya ɗauke. Aka yi ta jan igiya har kafaɗa ta gaji, shiru. Aka zauna aka huta, aka sake ja, sai ga shi ya tashi kamar ba abin da ya faru. Da an faɗi haka a mashigi, kowa sai ya ce, "Ai kwayil ne." Wani lokaci gaskiyarsu ne. Amma sau da yawa mutum yakan je birni ya sayo sabon kwayil da kuɗin da ya isa cefanen kwanaki, ya ɗaura, ciwon kuwa yana nan inda yake. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Kwayil yakan mutu, ba shakka, amma akwai waɗansu ƙananan abubuwa masu araha da ke kwaikwayon mutuwarsa. Akwai kuma hanyar rarrabe su wadda mai jirgi zai iya bi da kansa a bakin gaɓa.

MENE NE AIKIN KWAYIL?

Kowane injin fetur yana bukatar abu uku kafin ya tashi: mai gauraye da iska, da matsi a cikin silinda, da tartsatsin wuta a bakin fulogi a daidai lokacinsa. In ɗaya ya ɓace, sauran biyun ba su da amfani.

A bakin fulogi akwai 'yar rata wadda ba ta wuce milimita 1 ba. Ƙarfin lantarki da bolt ake auna shi, batirin mota kuwa bolt 12 ne. Wannan ba zai iya tsallake ratar nan ba ko kusa. Sai an sami bolt dubbai, sau da yawa 15,000 zuwa 20,000 ko fiye. Kwayil shi ne mai haifar da wannan ƙarfi. A cikinsa akwai guntun ƙarfe a tsakiya, an naɗa masa wayar jan ƙarfe iri biyu. Ta farko mai kauri ce, naɗinta kaɗan ne. Ta biyu siririya ce kamar gashin kai, an naɗa ta sau dubbai. An shafe kowace waya da wani fenti mai hana wuta ƙetarawa, sa'an nan aka rufe duka cikin baƙar roba mai tauri. Sa'ad da lantarki ya bugi naɗi na farko farat ɗaya, sai ya haifar da wani a naɗi na biyu, wanda ya ninka shi sau da yawa saboda yawan naɗin. Wani masani na Ingila, Maikel Faraday, shi ya gano wannan asiri a shekarar 1831, har yau kuwa a kansa kwayil ke aiki.

Bari mu yi ɗan lissafi domin mu ga nauyin aikin. Irin injunan da suka fi yawa a ruwayenmu, watau waɗanda ake gauraya musu fetur da baƙin mai, kamar su Yamaha masu ƙarfin doki 15 ko 25 ko 40, sukan juya kusan sau 5,000 a minti ɗaya in an ba su totur sosai. Kowane juyi kuwa sai fulogi ya ba da wuta. Watau sau 83 ke nan a daƙiƙa ɗaya, sau 300,000 a awa ɗaya. Duk wannan a cikin zafi da jijjiga da raɓa. Ba abin mamaki ba ne in wata rana siririyar wayar nan ta gaji.

Tsofaffin injuna suna da kwantak da kwandansa, irin na tsohuwar mota. Tun wajen shekarun 1970 masu ƙera injuna suka riƙa sauya su da wani ɗan baƙin akwati da ake kira CDI, shi ne kuwa a jikin yawancin injunan da ke aiki yanzu. A nan akwai abin da ya kamata a kiyaye, gama a irin wannan inji abu uku ne ake kira kwayil. A saman inji akwai babban faifan ƙarfe mai nauyi wanda igiyar tayarwa ke juyawa, a cikinsa akwai maganaɗisu. A ƙarƙashin faifan akwai kwayil mai haifar da lantarki, wanda ke cika akwatin CDI da bolt ɗari da wani abu ko fiye. Kusa da shi akwai wani ƙarami, wanda aikinsa shi ne ya gaya wa akwatin cewa lokaci ya yi. Sa'an nan akwatin ya saki abin da ya tara zuwa na ukun, wanda ke ɗaure a gefen inji, wanda wayar fulogi mai kauri ke fitowa daga jikinsa. Na ukun nan shi ne kwayil na fulogi, shi ne kuma muke magana a kansa. In makaniki ya ce maka kwayil ya mutu, tambaye shi, wanne daga ciki?

ALAMUN DA KE NUNA KWAYIL

Alama ta farko ita ce wadda muka ambata: inji yana aiki da sanyi, ya mutu da zafi, ya farfaɗo in ya huce. Dalili kuwa shi ne ƙarfe yakan buɗe in ya ji zafi. In siririyar wayar ta tsinke a ciki, da sanyi bakunan biyu suna taɓa juna, wuta tana wucewa. Da zafi ya shiga sai su rabu. In kuma fentin ne ya ƙone, zafi yakan sa wuta ta riƙa yanke hanya a cikin kwayil maimakon ta kai fulogi.

Ta biyu, inji mai silinda biyu ya koma aiki da ɗaya. Za ka ji muryarsa ta sake, yana girgiza, jirgi ba ya gudu ko an ba shi totur, yana warin ɗanyen fetur. In ka kwance fulogan za ka tarar ɗaya busasshe ne mai launin ƙasa, ɗayan kuwa jiƙe da mai.

Ta uku, inji yana tafiya daidai in ba kaya, amma da an ɗora masa nauyi aka ba shi totur sai ya riƙa tsallake. Wutar ta raunana ke nan, ta isa ƙaramin aiki, ba ta isa babba ba.

Ta huɗu, inji ya ƙi tashi da sassafe in an yi raɓa ko an kwana ana ruwa, amma da rana ta buɗe sai ya tashi. Wannan yakan nuna tsaga a jikin kwayil ko a wayar fulogi, inda laima ke shiga tana sace wuta.

MASU KWAIKWAYON MUTUWAR KWAYIL

Babu ɗaya daga cikin alamun nan da ta isa shaida ita kaɗai. Ga abubuwan da ke kawo irinsu.

Na farko shi ne murfin tanki. A kansa akwai 'yar kusar iska. In an manta ba a sassauta ta ba, inji yana shan mai iska ba ta shiga tanki, har ya kai inda mai ba ya iya fitowa. Sai inji ya mutu bayan 'yan mintoci. In aka huta iska ta ɗan sulale ciki, sai ya sake tashi. Kun ga wannan da ciwon kwayil kamar an tsaga kara. Dubi ƙwallon robar nan na jikin tiyon mai wanda ake matsawa: in ya motse ya manne, mai ne ba ya zuwa.

Na biyu shi ne ruwa ko datti a cikin fetur, wanda ke toshe kafireta. Ga yadda ake rarrabewa da kunne. Injin da mai ya yanke masa yakan mutu a hankali, yana tari, yana tashi yana faɗuwa, in aka ja cok ko aka matsa ƙwallon roba sai ya ɗan farfaɗo. Wanda wuta ta yanke masa kuwa yakan ɗauke nan take kamar an danna makashinsa, cok ba ya yi masa kome.

Na uku shi ne fulogi kansa. In baƙin mai ya yi yawa a gauraye, toka takan rufe bakinsa ta hana wuta. Yawancin injunan nan awonsu shi ne fetur kashi 50, baƙin mai kashi 1, watau rabin lita a tanki mai lita 25, sai dai in littafin injinka ya faɗi wani awo dabam. Masu zuba mai da ido su ne suka fi kowa sayen fulogi.

Na huɗu shi ne makashin inji, watau maɓallin da ake dannawa, ko ɗan makullin roba mai igiya da ake ɗaura wa a hannu. Aikinsa shi ne ya zubar da wutar akwatin CDI a jikin inji. In ruwa ya shige shi, ko wayarsa ta goge ta taɓa ƙarfe, zai riƙa kashe inji ba da an sa shi ba.

Na biyar shi ne tsatsa a bakin wayoyi, da kusar da ta sassauta. Na shida kuwa ya shafi masu aiki a Kainji da Bolta musamman, inda kututturan itatuwan da ruwa ya cinye ke tsaye a ƙarƙashi. In farfela ta bugi kututture da ƙarfi, ɗan guntun ƙarfen da ke riƙe faifan saman inji a daidai wurinsa yakan karye. Sai faifan ya ɗan goce. Wuta tana nan da ƙarfinta, amma tana zuwa ba a lokacinta ba, inji ya ƙi tashi, ko ya riƙa fizge igiya daga hannun mai ja.

KAFIN KA SA HANNU

Ɗaure jirgi a gaɓa inda ruwa ba zurfi. Sa giya a firi. Shimfiɗa tsumma ko faranti a ƙarƙashin inda kake aiki, gama kusar da ta faɗa kogi ta tafi ke nan. Kada kowa ya sha taba a kusa. In fetur ya zuba, a goge a jira ya bushe tukuna, domin gwajin da za mu yi na tartsatsi ne. Kada ka riƙe wayar fulogi da hannu ana jan igiya, balle ƙafarka tana cikin ruwa. Kada kuma ka tayar da inji ƙafarsa tana waje da ruwa, gama robar famfon ruwa takan ƙone cikin ɗan lokaci ƙanƙane in ta juya a bushe.

Kayan aikin ba su da yawa: sifanar fulogi, da sukudireba, da filaya mai hannun roba, da samfefa, da sabon fulogi, da mitar awon lantarki in akwai. Masu gyaran rediyo da waya suna da ita, ana iya aro.

GWAJI BI DA BI

A fara da mai araha, a ƙare da mai tsada. Kada a tsallake mataki.

1. Tabbatar da mai. Sassauta kusar iska, matsa ƙwallon roba har ya yi tauri, duba ko makullin makashi yana zaune a wurinsa.

2. Buɗe murfin inji ka duba da ido. Bi wayar fulogi da yatsa daga hula har kwayil. Nemi tsaga, ko kumburi, ko wurin da roba ta narke, ko wani siririn baƙin layi kamar an ja da fensir. Layin nan hanya ce da wuta ta ƙona wa kanta tana gudu zuwa jikin inji. Kwayil mai irin wannan layi ko tsaga ya gama aiki.

3. Kwance kusoshin da ke riƙe kwayil da 'yar wayar da ke haɗa shi da jikin inji. Goge su da samfefa har ƙarfe ya yi haske, ka mayar ka ɗaure tam. Wutar da ta fita ta fulogi ta jikin inji take komawa gida. In tsatsa ta tare hanyar komawa, lafiyayyen kwayil ma sai ya zama kamar matacce.

4. Sa sabon fulogi irin lambar da ke littafin inji. Ratar bakinsa takan kasance tsakanin milimita 0.6 da 1.0 bisa ga irin injin. Yawancin abin da ake kira ciwon kwayil a nan yake ƙarewa.

5. Gwada ƙarfin wuta. Mutane sukan jingina fulogi a jikin inji su ja igiya, in sun ga ɗan tartsatsi su ce wuta lafiya. Wannan gwaji yakan ruɗi mutum. A sarari tsallake 'yar ratar nan ba wuya, amma a cikin silinda, inda aka matse iska ninki da yawa, sai wuta mai ƙarfi. Saboda haka sai a faɗaɗa ratar. Akwai ɗan abin gwaji da ake sayarwa domin wannan. In babu, samo tsohon fulogi mai kyau ka yanke ɗan lanƙwasasshen ƙarfen bakinsa, ka sa masa hula, ka matse jikinsa da jikin inji nesa da ramin fulogi. Lafiyayyar wuta takan tsallake milimita 7 zuwa 10, watau kamar kaurin fensir ko fiye kaɗan, shuɗiya mai ƙara "tas, tas", kowane juyi ba fashi. In ja-ja ce siririya, ko tana zuwa tana ɗaukewa, akwai rauni. A yi gwajin a inuwa domin a gani sosai. Ɗaya wayar fulogin kuma kada a bar ta tana lilo, a sa mata fulogi a jingina da jikin inji.

6. In ba wuta ko kaɗan, cire wayar makashi daga inda ta haɗu da ta akwatin CDI, ka sake gwadawa. A injunan Yamaha fara ce yawanci, a waɗansu kuwa baƙa mai ratsin rawaya. In wuta ta dawo, makashi ne mai laifi. Mayar da wayar kafin ka tayar da inji, gama in ba ita ba ka da abin kashe shi.

7. Yi tunani a kan silinda nawa ne suka rasa wuta. In injinka yana da kwayil biyu, kowane fulogi da nasa, sa'an nan duka biyu suka ɗauke lokaci ɗaya, da wuya ƙwarai a ce kwayil ne. Abu biyu ba su cika mutuwa a minti ɗaya ba. Nemi abin da suka yi tarayya a kai: makashi, ko akwatin CDI, ko kwayil na ƙarƙashin faifai. Amma waɗansu injuna kwayil ɗaya gare su mai wayar fulogi biyu, a irinsu kam mutuwar ɗaya takan kashe duka.

8. In silinda ɗaya ce ta rasa wuta, yi musanya. Wannan shi ne gwajin da ya fi duka, ba ya kuma cin ko kwabo. Kwance kwayil na sama ka kai shi ƙasa, na ƙasa ka kai shi sama, kowanne ka haɗa shi da 'yar wayar sabon wurinsa da fulogin sabon wurinsa. Kada ka musanya wayoyin fulogi kaɗai, gama wuta za ta zo ba a lokacinta ba. In ciwon ya bi kwayil zuwa sabon wuri, ka kama ɓarawo da kaya a hannu. In ciwon ya zauna a silindar da yake tun farko, kwayil ba shi da laifi, sai a duba abin da ke aiko masa da wuta. Mai kwayil ɗaya sai ya ari na maƙwabci mai inji irin nasa ya gwada.

9. Auna da mita. Juya ta zuwa awon om, watau awon yadda waya ke tare lantarki. Cire dukan wayoyin kwayil. A injin CDI naɗi na farko yawanci bai kai om 1 ba, na biyu kuwa om dubbai ne. Hular fulogi ma waɗansu suna da abin tarewa a ciki na wajen om 5,000, saboda haka a cire ta a auna ta dabam, gama ita ma takan mutu, ta kuwa fi kwayil araha nesa. Ainihin lambobin suna cikin littafin injin. In ba littafi, gwada da ɗan'uwansa lafiyayye. In mita ta nuna ba hanya sam, waya ta tsinke. Amma a kiyaye: mita tana iya tabbatar da mutuwar kwayil, ba ta iya tabbatar da lafiyarsa. Batirinta ƙarami ne, tsagar da wuta mai bolt 20,000 ke bi ba za ta gan ta ba.

10. In ciwon na zafi ne, a yi gwajin da zafi. Gwajin safe ba zai nuna kome ba. Bar inji ya yi aiki kusa da gaɓa har ya ɗauke, nan da nan a gwada wuta, a kuma auna, tun bai huce ba. Akwatin CDI da kwayil na ƙarƙashin faifai su ma sukan yi ciwon zafi, don haka musanya ce za ta raba gardama. Da dare kuma, in aka buɗe murfi inji yana aiki, sau da yawa ana iya ganin wutar tana tsalle daga tsagar waya zuwa ƙarfe. A tsaya nesa da faifai mai juyawa, a naɗe hannun riga.

In gwaji ya nuna ciwon yana ƙarƙashin faifai, a nan sai a kira makaniki. Akwai abin da ake zare faifan da shi. Masu bugunsa da guduma sukan fasa maganaɗisun ko su lanƙwasa sandar inji, gyaran kwabo ya koma na fam.

ME KE KASHE KWAYIL?

In ka tabbata ya mutu, kada ka ɗaura sabo sai ka nemi abin da ya kashe tsohon, in ba haka ba sabon ma zai bi shi.

Babban abokin gābarsa zafi ne. Ruwan kogunanmu yana da yashi, musamman da damina, yashi kuwa yana cinye robar famfon ruwa. Ka riƙa duban ɗan siririn ruwan nan da ke tsartuwa ta bayan inji. In ya ragu ko ya tsaya, inji yana dahuwa, duk abin da ke ɗaure a jikinsa yana dahuwa tare da shi.

Na biyu, tsohon fulogi mai faɗin baki. Iyakar faɗin rata, iyakar ƙarfin da kwayil zai tara kafin wuta ta tsallake. Rowar kuɗin fulogi takan jawo sayen kwayil.

Na uku, jan igiya wayar fulogi tana cire tana lilo. Wutar da aka haifa lalle sai ta sami wurin zuwa. In ba ta sami fulogi ba sai ta huda fentin cikin kwayil, wani lokaci ta lalata akwatin CDI ma. Masu kashe inji ta wurin fizge hular fulogi su daina.

Na huɗu, laima da jijjiga. Injin da ke tafiya ba murfi, ko murfin ya fashe, yana shan feshin ruwa yini. Kusar da ta sassauta kuma tana sa kwayil ya yi ta kaɗawa har waya ta tsinke.

Wajen saye, tafi da tsohon a hannu, da lambar injinka wadda ke rubuce a ɗan farantin da ke jikin maɗaurinsa. Kwayil na injin kwantak dabam yake da na CDI ko da sun yi kama a ido, na babur kuma ba na jirgi ba ne. Jabu sun yi yawa a kasuwa. Roƙi mai kanti ya bar ka ka auna da mita, ku kuma yi magana a kan mayarwa tun kafin ka biya. Araha ba ta ado, balle ga abin da zai ɗauki rayukan mutane a kan ruwa.

IN YA MUTU A TSAKIYAR KOGI

Motar da ta mutu takan tsaya inda take. Jirgi ba ya tsayawa. Da inji ya ɗauke, linzami ya tafi ke nan, ruwa zai juya jirgin ya ba igiyar ruwa gefensa, ya kai shi kan dutse ko kututture. Saboda haka aikin farko ba buɗe inji ba ne. A sa kowa ya zauna, kada a taru a gefe ɗaya. A ɗauki filafili a juya goshin jirgi ya fuskanci ruwa, a jefa anka in zurfin ya yarda, ko a tuƙa zuwa gaɓa mafi kusa. Sai jirgi ya natsu sa'an nan a duba mai, da makashi, da fulogi. In kuma ya huce ya tashi, kada a ce an warke a ci gaba da tafiya. A nufi gaɓa, gama abin da ya kashe shi sau ɗaya zai sake.

Kowane jirgi ya kamata ya kasance da filafili biyu, da gora, da anka da igiyarta, da abin kwarfar ruwa, da tocila, da gwangwani mai murfi wanda ke ɗauke da fulogai biyu sababbi da sifana. Mai tafiya mai nisa ya ƙara da kwayil guda wanda ya riga ya gwada. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Nijeriya, wadda hedkwatarta ke Lakwaja, tana umartar a sa rigar kariya daga nutsewa, tana kuma hana lodi fiye da kima da tafiyar dare. Haɗarin da ya auku kusa da Fategi a watan Yuni na 2023, inda mutum fiye da 100 suka rasu suna komowa daga biki, ya isa ya tuna mana cewa in jirgi ya cika maƙil, ƙaramar matsala ma takan zama babba.

Ku kuma iyaye mata masu shiga jirgi ranar kasuwa, kuna da bakin magana. In kun ga inji ya mutu sau ɗaya a hanyar zuwa, kuna da iko ku tambayi mai jirgi ko an gyara kafin ku shiga da yara a hanyar komowa. Tambaya ba raini ba ce.

Iyaye maza kuwa, ranar da za ku yi gwajin nan ku kira yaranku su tsaya kusa, ɗaya ya riƙe faranti, ɗaya ya karanta mita ya rubuta lambobin a littafi. Yaron da ya ga yadda ake bin ciwo mataki mataki har a kama shi ya koyi abin da zai amfane shi a kan babur, da injin ban ruwa, da janareto, gama dukansu da irin wannan wuta suke aiki.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba famfon ruwa na injin jirgi, da yadda ake sake robarsa a gida. Mai tambaya ya rubuto ta hannun edita, ya faɗi irin injinsa da ƙarfin dokinsa. Ku huta lafiya.